Keso: abin da ya kamata ku sani game da 20,000

Har yau in ɗan kasuwa ya ce ya biya kuɗi wuri na gugar wuri, yana tuno zamanin da wuri ne kuɗi a kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A zamanin wuri babban ma'auni shi ne keso, wato jakar saƙa mai cin wuri 20,000. A ƙasar Hausa ba a jera wuri a zare, don haka da hannu ake ƙirga shi, biyar-biyar, a tara tsibin metan ko na dubu. Tsibin metan sau 100, keso ya cika.

Lambar ta dace da wannan aiki. Masana lissafi sukan farfasa kowace lamba har su isa ga tubalanta, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5 da 7. A raba 20,000 biyu, a sake, a sake: 10,000, 5,000, 2,500, 1,250, 625. Sau biyar ke nan, kuma 625 mara ce, ba ta ƙara rabuwa biyu. Ita kuwa biyar ce sau biyar sau biyar sau biyar. Ashe keso kakaf biyu ne da biyar, kamar hannuwa da yatsu.

Daga waɗannan tubala ake samun lambobi 30 da ke raba shi ba saura. In aka haɗa su duka ban da 20,000 ɗin kanta, za a sami 29,203, wato sun zarce ta. Irin wannan ita ake kira lamba mai yalwa. Sai dai ba a jera wuri 20,000 ya yi murabba'i cif: 141 sau 141 ya gaza, 142 sau 142 ya wuce.

Amfanin ya fi fitowa wajen rabo. Rubu'in keso 5,000 ne, ɗaya bisa arba'in 500, tumuni kuwa 2,500. Wannan na ƙarshe shi ne canjin dalar azurfa ɗaya lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ke nan keso dala 8 ne.

Inda keso ke ba malamin rabon gado ciwon kai shi ne uku. Gwajin ba wuya: a haɗa alƙaluman lamba, in jimlar ta rabu uku, lambar ma za ta rabu. Alƙaluman 20,000 sun ba da 2, don haka babu hali. Sulusi 6,666 ne da sauran wuri biyu, sudusi 3,333, nan ma wuri biyu a ƙasa, kuma wuri ba a fasa shi a yi canji.