Sara da Abota a Labaran Kundin Sirri na Matasan Ingila

Akwai wani irin ƙagaggen labari a Ingila wanda a ke tsara shi kamar kundin sirri, watau littafin da yaro ko yarinya ke rubuta abin da ya same su kowace rana. Manufarsa ban dariya ce, amma mai nazarin harshe zai ga wani abu dabam a ciki: yadda sarar matasa ke nuna wanda ya ke cikin ƙungiya da wanda ya ke waje.

A 1982 Sue Townsend ta fitar da kundin Adrian Mole, yaro ɗan shekara 13 da wata tara. Adrian ba shi da taron abokai in ban da Nigel, kuma yana ɗaukar kansa masani, har yana aika wa BBC waƙoƙinsa. Saboda haka harshensa na manya ne, aro ya yi. Abin dariyar shi ne mai karatu ya kan gane abin da yaron bai gane ba, kamar sha'anin uwarsa da maƙwabcinsu.

Louise Rennison, mutuniyar Leeds, ta bi wata hanya a littattafai 10 na Georgia Nicolson, daga 1999 zuwa 2009. Georgia tana da aminiya, Jas, da rukunin ƙawaye, su kuwa suna da bakinsu. Su kan liƙa wa kalma ɗafa-ƙeya don ta yi kama da ta malamai, su kan cusa guntayen Faransanci da Jamusanci da su ka tsinta a aji, su laƙaba wa malamai da samari suna. Ko da ta ke rubutu ita kaɗai a ɗaki, da bakin ƙawayenta ta ke yi. Mai karatu ya kan fara a baƙo, sa'an nan bayan 'yan shafuka ya tarar yana fahimta ba tafinta. An shigar da shi ƙungiya ke nan bai sani ba. Wanda ya taɓa jin 'yan mata na zaurance a gaban manya ba zai rasa gane wannan ba.

Da aka buga littattafan a Amurka sai aka ƙara jerin ma'anonin kalmomi a ƙarshe. A ganina nan ne dabarar ta fi fitowa, gama ba a ba wani malami aikin ba. Georgia ce da kanta ke fassarar, tana yi tana zolayar Amurkawan da su ka kasa gane ta.