'Yan Kasuwar N'Djamena da Hanyar Borno

N'Djamena, babban birnin Chadi, yana zaune ne a bakin iyaka. Wanda ya tsaya a gaɓar ruwa, inda kogin Logone ke haɗuwa da Shari, yana hango Kusiri ta ƙasar Kamaru, gadar Ngueli ce kawai tsakaninsu. Faransawa ne suka kafa garin a 1900 da sunan Fort-Lamy, sai a 1973 aka sauya masa suna. Chadi ba ta da teku, don haka yawancin kayan da take sayowa daga ƙetare suna sauka ne a tashar jiragen ruwa ta Douala a Kamaru, mai nisan kusan kilomita 1,800. Maiduguri kuwa ba ta wuce kilomita 250 ba, ta Kusiri da Fotokol da Gamborun Ngala. Tsadar rayuwa a N'Djamena da arzikin makiyayan Chadi duk sun rataya ne a kan waɗannan hanyoyi biyu, kuma ta kusan ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

In dai yarjejeniya ce, birnin ya ga iri-iri. A nan ne Chadi da Najeriya da Nijar da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964, kuma har yau hedikwatarta na nan. A nan aka rattaba hannu kan yarjejeniyar CEMAC a 1994, ƙungiyar ƙasashe shida masu amfani da sefa ɗaya. A nan shugabannin ƙungiyar suka tabbatar a 2017 cewa 'yan ƙasashensu za su riƙa zirga-zirga ba biza. Chadi na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018. Duk da haka cinikin da ƙasashen CEMAC ke yi tsakaninsu, wanda ya shiga littafin kwastan, bai kai kashi 5 cikin ɗari na cinikinsu da duniya ba. Alkawari bashi ne, bashi kuwa ba ya biyan kansa sai mai shi ya bi. Masu wannan bashi su ne 'yan kasuwa, domin su ke asara a duk ranar da mota ta kwana a kan iyaka, yayin da albashin minista yana nan ko ta wuce ko ba ta wuce ba.

Harkar shanu ta isa misali. Ƙidayar dabbobin da Chadi ta yi a 2015 ta nuna tana da kusan miliyan 94, raƙuma da shanu da tumaki da awaki da sauransu, kuma in aka cire man fetur da aka fara fitarwa a 2003, dabbobi na sahun gaba a cikin abin da ke kawo wa ƙasar kuɗi daga waje. Babbar kasuwarsu Najeriya ce. Saniyar da aka saya a kasuwar Massaguet ko Dourbali sai ta ratsa arewacin Kamaru kafin ta kai karar Maiduguri, daga nan a ɗora ta a tirela zuwa Legas ko Fatakwal, saboda iyakar da Chadi ke da ita kai tsaye da Najeriya tana cikin tafki ne. Ke nan tafiyar da mota za ta yi a wuni guda ta ƙunshi ƙasashe uku, da kwastan uku, da kuɗi iri biyu, da ƙungiyoyin yanki biyu, tunda Najeriya tana ECOWAS. Takardar fasfon dabbobi da hukumar CEBEVIRHA ke bayarwa, wadda ita ma mazauninta N'Djamena ne, tsari ne na CEMAC, ƙarfinta yana ƙarewa a gadar Gamboru. Bayan kuɗin fito na hukuma akwai na goro a kowane shingen jandarma da soja da 'yan sanda, kuma ba wanda ke ba da rasit a kansa. Sannan ga canji: sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro, naira kuwa tana hawa da sauka, musamman tun da aka sake ta a 2023, ta yadda falke zai iya sayar da shanu da riba a Maiduguri ya dawo gida da asara.

Ba a ce 'yan kasuwar Chadi ba su da baki ba. Akwai cibiyar ciniki da masana'antu da noma da ma'adinai da sana'o'in hannu, CCIAMA, akwai kuma majalisar masu kamfanoni, CNPT, wadda ke zama da takwarorinta na yankin a ƙarƙashin UNIPACE. Sai dai hankalinsu ya fi karkata ga hanyar Douala: kwanakin da kwantena ke yi a tasha, da kuɗin ajiya, da layin dogon da ya tsaya a Ngaoundéré. Wannan koke ne mai tushe. Matsalar ita ce, dillalin shanu, da mai fataucin riɗi da ƙaro da kanwa da banda, da matar da ke saro atamfa da robobi a Kusiri, ba kasafai ake jin muryarsu a ɗakin taro ba, alhali su ne suka san adadin shingaye da farashin kowanne. Cinikinsu da Larabcin Chadi da Hausa da Barbarci da Fulatanci ake yinsa, a kan amana da sanayyar maigida da baƙonsa, takardun taro kuma da Faransanci ake rubuta su. Muddin cibiyar ba ta jawo waɗannan mutane ba, abin da za ta kai gaban gwamnati rabin labari ne.

Akwai masu cewa buɗe hanya zai sa kayan Najeriya su danne 'yan masana'antun da Chadi ke da su, kamar kamfanin sukari na kusa da Sarh. Tsoron yana da dalili, amma kayan Najeriya sun riga sun cika Babbar Kasuwa da kasuwar Dembé, ta hanyar fasa-ƙwauri da kwale-kwale da babura. Tsauraran shingaye ba su hana su shigowa ba, sun dai ƙara musu tsada, sun kuma mai da kuɗin da ya kamata ya shiga baitulmali zuwa aljihun mutane. Najeriya ma ta gwada wannan magani, ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, farashin abinci ya tashi, 'yan sumoga kuma suka buɗe sababbin hanyoyi.

Hujjar tsaro ta fi nauyi. Boko Haram ta kai hari Gamboru a 2014, hanyar ta mutu na tsawon lokaci, fatake suka koma zagaye ta Nijar ko ta kudu, sannan a 2015 bam ya tashi a cikin N'Djamena, har a bakin Babbar Kasuwa. Ba mai hankalin da zai ce a daina bincike. Amma shingen da ake wucewa da zarar an miƙa kuɗi ba ya kama makami, kuma matashin da dako da kora shanu suka daina ciyar da shi, shi ne masu tayar da ƙayar baya suka fi saurin ruɗa. Abin da 'yan kasuwa za su nema shi ne bincike ɗaya mai inganci a wuri sananne, da jadawalin kuɗi a manne a bango.

Suka mafi zafi ita ce wadda ke kan 'yan kasuwar kansu. Wasunsu da wannan ruɗani suke cin abinci: mai uban gida a kwastan ba ya son ranar da kowa zai biya daidai. Masu manyan motoci ma suna riƙe da rabon da aka yi da Kamaru, wanda ya ware wa motocin Chadi kashi 65 cikin ɗari na kayan da ke fitowa daga Douala zuwa Chadi, tsarin da ke kare mai mota amma yana rage gasa, mai saye a kasuwa kuma shi ke biya. Ƙungiyar da ke neman a buɗe ƙofar maƙwabci tana tsare tata ba za a saurare ta ba, kuma da gaskiyar wanda ya ƙi saurarenta.

Don haka aikin da ke gaban CCIAMA da takwarorinta na Maiduguri da Maroua ta Kamaru ƙarami ne a baki, ko da yake yana da wuyar yi. Su riƙa ƙirga shingayen da ke tsakanin Ngueli da Maiduguri, da abin da ake karɓa, da sa'o'in da ake ɓatawa, su buga shi kowa ya gani. Su nemi Najeriya ta karɓi takardar lafiyar dabbobi da aka bayar a Chadi, bankuna kuma su samar da hanyar biya tsakanin sefa da naira. Wurin kai wannan buƙata yana nan: Dandalin Gwamnonin Yankin Tafkin Chadi, wanda aka fara a Maiduguri a 2018, ya haɗa masu mulkin yankunan da wannan hanya ta ratsa, kuma ya kamata fatake su nemi kujera a cikinsa.