Ba Kullum Katin Ne Ke da Laifi Ba

Akwai hukuncin da masu gyaran kwamfuta da dama suka saba yankewa. In aka soka katin ƙarin kafofin siriyal, irin kafofin nan da ake haɗa sikelin awo ko injin buga rasit da su, Linux ya nuna biyu ko uku maimakon takwas, sai a ce katin jabu ne, a mayar wa mai shago. Ban ga laifinsu ba, don kasuwa cike take da kayan bogi. Sai dai a nan sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, Linux ne bai tanadar masa wuri ba.

Abin ya samo asali ne tun zamanin kwamfutocin IBM na farko, inda BIOS ya ware gurbin adireshin kafofi huɗu kacal, COM1 zuwa COM4. Na farko yana 0x3F8, na biyu 0x2F8. Direban 8250 na Linux, mai kula da waɗannan kafofi, ya gaji wannan lissafi: in ba a canza ba, kafofi huɗu yake buɗewa idan kwamfuta ta tashi, ttyS0 zuwa ttyS3. To, in babban allon cikin kwamfutar ya riga ya ci gurbi ɗaya, katin mai kafa takwas saura uku zai samu. Sauran biyar ɗin suna nan daram, ba a dai yi musu rajista ba. Wasu rassan Linux, kamar Ubuntu, sun ɗaga adadin tuntuni, shi ya sa kati ɗaya zai yi aiki a kwamfutar wane ya ƙi a ta wane, mutane su ƙara sakankancewa cewa katin ne mai taurin kai.

Kafin a tuhumi kowa, a buga lspci. In sunan katin ya fito, kwamfuta ta gan shi. Daga nan a leƙa dmesg. Za ka iya tarar da layin da ke cewa an kasa yi wa kafa rajista, da lambar kuskure -28 a ƙarshensa, wato babu sauran wuri. Maganin ɗan layi ne: a ƙara 8250.nr_uarts=16 cikin umarnin tashi a /etc/default/grub, a buga update-grub, a kashe a kunna. Amma fa adadin ba ya wuce iyakar da aka sa lokacin da aka harhaɗa kanel ɗin Linux.

Kada kuma ganin ttyS3 a cikin /dev ya ruɗe ka, fayil ɗin kan kasance ko da babu komai a bayansa. Wanda zai faɗa maka gaskiya shi ne /proc/tty/driver/serial, inda kafar gaske ke nuna sunan cif ɗinta, kamar 16550A. Wani lokacin ma kafar tana aiki, mai amfani da ita ne ba ya cikin rukunin dialout, sai a hana shi buɗe ta.

Katin da lspci bai gani ba ko bayan an canza masa rami, wannan kam a mayar wa mai shago.