Tsohuwar Ƙarya Cikin Sabuwar Waya

Duk mai zama majalisar mai shayi a New Bell, ko cikin unguwar Hausawa bayan sallar isha'i, ya san yadda hira ta koma yanzu. Wani zai zaro waya ya kunna murya daga WhatsApp, inda za a ji ana cewa wai Yahudawa ne suka mallaki bankunan duniya, su ne ma suka ƙirƙiro cutar korona. Abin da yawancin masu sauraro ba su sani ba shi ne, wannan magana ta girmi kakanninmu.

Tun da Gutenberg ya ƙera injin buga littattafai wajen 1450 take samun abin hawa. A 1475 aka yi wa Yahudawan garin Trento ƙazafin kashe wani yaro, masu ɗab'i kuwa suka baza labarin da zane-zane cikin Turai. A 1903 wata jarida a Rasha ta buga abin da ake kira Protocols, wai sirrin taron dattawan Yahudawa. Jaridar Times ta Landan ta tona asiri a 1921 cewa jabu ne, an kwafo babban ɓangarensa daga littafin wani Bafaranshe, Maurice Joly, na 1864, wanda ko kusa bai shafi Yahudawa ba. Amma ina! Ƙarya ta riga ta yi nisa. Daga 1933 Goebbels ya cika gidajen Jamus da rediyo mai araha, a 1939 kuma Balin ta fara watsa shiri da Larabci.

To, kada mai karatu ya ɗauka labarin Turai ne kawai. Dieudonné M'bala M'bala, ɗan barkwancin nan na Faransa wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, kotunan can sun sha hukunta shi saboda cin zarafin Yahudawa. Da aka hana wasansa a 2014 sai ya ƙara jingina da intanet, har YouTube da Facebook suka rufe shafukansa a 2020. A nan gida kuwa, cikin Fabrairun 2019, ƙaramin ministan shari'a Jean de Dieu Momo ya faɗa a talabijin na CRTV cewa dukiya da girman kai ne suka jawo wa Yahudawan Jamus abin da Hitler ya yi musu. Jama'a da dama sun fahimci Bamilike yake wa gugar zana. Nan take faifan ya zagaye wayoyi, ofishin jakadancin Isra'ila ya nuna ɓacin rai, gwamnati ta fito ta nesanta kanta.

Wannan ne ya kamata ya dame mu, mu da ake kira baƙi 'yan kasuwa a Duwala. Sukar gwamnatin Isra'ila kan Falasɗinawa daban ne, ɗora wa al'umma ɗungurum laifin makirci kuma daban. Zancen "sun kame kasuwa, sun haɗa kai" da aka yi wa Yahudawa, jiya an juya shi kan Bamilike, kuma babu abin da zai hana mai waya ya sa sunan Bahaushe a wurin. Tun Disamban 2019 dai dokar Kamaru ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa ƙiyayyar ƙabila, har da wanda ya yi ta Facebook.