Kiwon murjani cikin ɗaka: dutsen da ke ci, ya girma, ya mutu

Duk macen da ta taɓa haɗa kayan aure ta san murjani. Tun zamanin ayari fatake ke kawo shi daga Arewa, ya ratso hamada ya iso kasuwanninmu, kuma sunan nasa ma na Larabci ne, ya zo cikin Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Sai dai da yawa daga cikin masu saye da sayar da shi sun ɗauka dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa, alhali kuwa ƙashin wata dabba ne ta cikin teku. Yau a Turai da Amurka da Asiya akwai dubban mutane da ke kiwon dangin wannan dabba da ranta cikin akwatin gilashi a gidajensu, har abin ya zama babbar kasuwa.

Yadda halittar take

Murjani taron wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne, kowace kamar ƴar jaka mai baki guda da ƴan hannuwa kewaye da bakin. Dubbai ne ke zaune wuri ɗaya, kowace tana jawo sinadarin kalsiyum daga ruwa tana gina wa kanta ɗaki mai tauri irin na alli.

Jan murjanin da mata ke sawa a wuya na Bahar Rum ne, yana fitowa cikin kogunan dutse masu duhu a ƙarƙashin ruwa, kuma garin Torre del Greco na Italiya ya daɗe da shahara wajen gyaransa. Wanda ake kiwo a gida shi ne murjanin dutse na tekuna masu ɗumi, wanda ke son rana. Shi ne ya gina shingen nan na gaɓar Ostareliya mai tsawon kilomita kamar 2300. Alhazan da suka zaga tsohon garin Jidda sun ga gidajen da aka gina da dutsensa, haka nan a Sawakin ta ƙasar Sudan, inda alhazan dā ke shiga jirgin ruwa.

Sirrin rayuwarsa shi ne wata gansakuka da ido bai iya gani, wadda ke zaune cikin namansa. Zamansu kamar na mai gida ne da ɗan haya. Murjani ya ba ta ɗaki, ita kuma ta yi amfani da hasken rana ta haɗa abinci ta biya shi da shi, wani lokaci har kashi 90 cikin 100 na abin da yake ci. In zafi ya yi yawa ko ruwa ya ɓaci, sai mai gida ya kori ɗan haya, jikinsa ya yi fari fat kamar alli. In ba a gyara da wuri ba, yunwa ta kashe shi.

Ruwa, zafi da haske

An daɗe ana ganin murjanin dutse ba ya kiwuwa a gida. A shekarun 1970 da 1980 ne masu sha'awar abin a birnin Barlin na Jamus suka gano hanya, har ɗaya daga cikinsu, Dietrich Stüber, ya raya irin nan mai rassa da ake kira Acropora ya rarraba wa mutane.

Abu na farko shi ne ruwa. Ruwan famfo ko na rijiya bai yi sai an tace shi da na'ura ya zama ba komai cikinsa, sannan a zuba masa gishiri giram 35 cikin kowace lita. Gishirin miya ko na Bilma ba ya wannan aiki, akwai na musamman da masana'antu ke haɗawa da duk sinadaran ruwan teku. Kuma kamar yadda ake gani a ramukan gishiri, ruwa ne ke bushewa gishiri ya tsaya, don haka kullum ana cika akwatin da ruwa marar gishiri, in ba haka ba ya yi ɗaci ya ƙone dabbar. Duk mako ɗaya ko biyu ana kwashe kamar kashi 10 cikin 100 na ruwan a zuba sabo.

Tunda murjani da kalsiyum yake gini, kullum yana rage wanda ke cikin ruwan. Mai kiwo na auna shi ya riƙe shi tsakanin miligiram 400 da 450 a lita, tare da magnesiyum kamar 1300. Tagulla kuwa guba ce gare shi, ko ɗan maganin kifi mai tagulla ya shiga ruwan, an yi asara.

Na biyu zafi. Ana son ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana. A cikin teku ma, in zafi ya ɗara na bazarar da ya saba da digiri 1 kawai har wasu makwanni, sai ya fara fari. Wanda ya san zafin Maraɗi ko Tawa a watan huɗu da na biyar, da ke wuce digiri 40, ya san ke nan ba a wannan kiwo a irin ƙasarmu sai da na'urar sanyaya ruwa.

Na uku haske da motsin ruwa. Ana kunna masa fitilu masu ƙarfi, galibi masu shuɗin haske, awa 8 zuwa 10 kowace rana. Dabbar ba ta tafiya, ruwa ne ke kawo mata abinci ya kwashe mata ƙazanta, shi ya sa ake sa injuna masu juya ruwan akwatin sau 20 ko fiye cikin awa guda. In wuta ta ɗauke, cikin ƴan awowi iskar shaƙa ta ƙare cikin ruwan, don haka masu kiwo ke ajiye batir ko injin wuta.

Launi shi ne kuɗin

A wannan kasuwa launi ake saye. Akwai kore, akwai shuɗi, akwai ja da ruwan hoda, wasu har walƙiya suke yi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Amma launin bai da tabbas. In an cika ba kifayen akwatin abinci ruwa ya yi datti, gansakukar cikin jikinsa ta yi yawa, sai murjanin ya koma ruwan ƙasa, darajarsa ta faɗi. In kuma an tace ruwan fiye da kima ko haske ya yi masa yawa, sai ya koɗe. Tsakiya ake nema, kuma in an same ta ba a yawan taɓawa, domin abin da wannan dabba ta fi ƙi shi ne canji na farat ɗaya.

Sabon akwati sai ya yi watanni kafin a sa masa irin masu wuyar sha'ani kamar Acropora. Sabon murjani ana tsoma shi cikin magani domin kashe tsutsotsin da ke maƙale da shi, a ajiye shi ƙasa inda haske ke da sauƙi, a riƙa ɗaga shi sama kaɗan kaɗan. Ana kuma barin tazara tsakanin iri da iri, don suna harbin juna. A nan dai maganar Hausawa ta tabbata, mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ribar tana wajen dashe. Kamar yadda ake yanka itacen rogo a dasa, haka ake karya ɗan reshe a manna shi bisa ɗan dutse, ya kama ya zama sabon murjani. Masu rassa na iya ƙara santimita 10 a shekara. Ɗan yankin da bai wuce gaɓar yatsa ba, in launinsa ba kasafai ake samu ba, ana sayar da shi ɗaruruwan dalar Amurka.

Abin da ɗan kasuwa ya kamata ya sani

Ƙasar Indunusiya ce ta daɗe kan gaba wajen fitar da murjani mai rai, Amurka kuma kan gaba wajen saye. A shekara ta 2018 hukumomin Indunusiya suka dakatar da fitar da shi, ba a koma ba sai 2020, inda aka fara da wanda aka noma cikin gonakin teku. Tsanantawar na da dalili. A shekarun 1998 da 2010, da tsakanin 2014 da 2017, zafin teku ya farar da murjani a sassan duniya da yawa. Karo na huɗu ya fara a 2023, kuma zuwa 2025 zafin ya shafi kamar kashi 84 cikin 100 na wuraren murjanin duniya. Waɗannan wurare ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in ire-iren halittun teku da su suka dogara.

Murjanin dutse na cikin jerin yarjejeniyar CITES ta shekara ta 1973, wadda Nijar ma ke cikinta. Mai ransa ko busasshen ƙashinsa da ake sayarwa don ado, bai ƙetare iyaka sai da takardar izini. Saboda haka ƴan kasuwarmu masu zuwa Jidda ko Dubai ko Sin, in kun ga farin reshe mai kyau a shago, ku tambayi takarda kafin ku sa shi cikin kaya, kada ƴan duwan su ƙwace shi su haɗa ku da tara.

Su kuma mata masu jan murjani na gado, su sani kaurin reshensa bai ƙaruwa da ko milimita 1 a shekara, ke nan ƙwaya guda mai kauri ta ci shekaru masu yawa kafin ta kai haka. Tsami na cin sa, don haka a nisanta shi da lemun tsami da turaren fesawa, a goge masa zufa da ƙyalle mai laushi kafin a mayar da shi cikin adaka.