Tsaraba Daga Ƙasar Gobir: Haƙƙin Mai Sana'a A Kan Mai Saye

Duk wanda ya ci kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ya san ba a komawa gida hannu rabbana. Akwai tabarmar kaba, malafa da faifai, ga ƙwarya da akushi, ga jaka da takalmi daga hannun dukawa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe da yin suna. Fatake sun riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko.

Tsaraba kuwa kyauta ce, kuma Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da mu yi wa juna kyauta domin ƙauna ta ƙaru. Sai dai wajibi ne mu dubi yadda muke sayenta.

Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi wannan yanki. Mutumin da ya ɗauko tabarmi daga Burkusuma ko wani ƙauyen bakin iyaka ya sayi rai kafin ya iso kasuwa, wataƙila gonarsa ma ba ta nomu ba. Saƙar da ta ci wa iyalinsa kwanaki ita ce hatsin gidansa. In muka ga alamar matsuwa a fuskarsa muka karya masa farashi, to mun ci da guminsa ne, ko da ya ce ya sallama.

Shari'a ba ta hana tayi ba. Amma Bukhari ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya roƙa wa mai sauƙin hali rahama, a sayensa da sayarwarsa da neman bashinsa. Ya kuma hana tare masu kawo kaya a hanya tun ba su san farashin kasuwa ba, abin da wasu dillalai ke yi wa mutanen ƙauye har yau. Kushe kaya da ƙarya don a rage kuɗi shi ma ha'inci ne.

Mai sana'a kuma da nasa nauyin: ya bayyana aibin kayansa, kada ya kira roba fata, ya bar rantsuwa, domin tana sayar da haja amma tana shafe albarka.

Saboda haka mu taya da adalci, mu biya nan take, in da hali mu bar masa canji. Tabarmar da za a yi salla a kanta bai kamata ta shigo gida da haƙƙin wani ba.

Allah Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, Ya sanya albarka a kasuwanninmu.