Yadda Manyan Makarantu Ke Zaɓen Ɗalibai, da Inda Taimakon Karatu Ke Fitowa

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a Dirin Daji da sauran ƙasar Zuru, kowace shekara akwai gidajen da ke sayar da dawa ko akuya domin yaro ya rubuta jarrabawar shiga babbar makaranta, sa'an nan shekara ta ƙare sunansa bai fito ba. Iyaye sukan ce ai don ba mu da kowa a sama ne. Ba a rasa son kai a wasu wurare, amma sau da yawa abin da ya kayar da yaron ƙaramin abu ne wanda da an san shi da wuri da an gyara. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda aikin yake tafiya.

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta da kanta. Yaro ɗaya mai ƙoƙari sai ya sami wuri a jami'a uku, wani kuma ya rasa ko ɗaya. Wannan ya sa Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar JAMB a shekarar nan ta 1978. Daga baya aka ƙara mata makarantun fasaha da kwalejojin horar da malamai, a 2010 kuma aka haɗa jarrabawarsu ta zama guda, wadda tun 2015 a kan kwamfuta ake rubuta ta. Darussa huɗu ne, Turanci dole ne a cikinsu, maki duka 400.

Abu na fari da makaranta ke dubawa shi ne sakamakon sakandare, watau WAEC ko NECO ko NABTEB. Mai neman jami'a yana bukatar kiredit biyar a darussan da suka dace da abin da zai karanta, cikin zama ɗaya ko biyu. Wanda zai karanta aikin gona ko kimiyya, tilas Turanci da Lissafi su kasance ciki. Kiredit bakwai ba za su cece shi ba idan Lissafi ya faɗi. Haka kuma darussan da ya zaɓa a JAMB sai sun yi daidai da fannin. Mai son aikin gona, alal misali, ana neman Kemistiri a wurinsa, da Bayoloji ko darasin Noma. Yaro ya ci maki 250 amma da darussan da ba su dace ba, ya yi asarar shekara ke nan. Hukumar tana fitar da bayanin wannan kowace shekara, dokokin kuwa sukan canza, don haka a duba na shekarar da ake ciki tun kafin a biya kuɗi.

Sai batun maki. A kowace shekara shugabannin makarantu sukan zauna da JAMB su yanka mafi ƙarancin makin da za a karɓa. A 2025 sun sa 150 ga jami'o'i, 140 ga makarantun jinya, 100 ga makarantun fasaha da kwalejojin malamai. Amma kada wannan ya ruɗe ku. Ƙofar gida ce kawai, ba ɗaki ba. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kowane fanni kuma yana da nasa gwargwadon yawan masu nema. Likitanci da shari'a da jinya cunkoso ne, aikin gona da koyarwa kuwa sau da yawa akwai sauran wuri. Abin mamaki ne a ce 'ya'yan manoma suna guje wa ilimin noma, alhali Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya tun 2020, ga ta a ƙofar gidanmu.

Bayan JAMB makaranta takan yi tata tantancewar. Wasu jarrabawa ce ta biyu, wasu kuma lissafa darajar kiredit suke yi. Ga misalin wadda ke ba JAMB rabin maki, tantancewa rabi. Yaron da ya ci 240 bisa 400 yana da 30 bisa 50 ke nan. In ya samu 35 a tantancewa, jimlarsa 65. Wani da ya ci 210 a JAMB amma ya samu 42 a tantancewa ya wuce 68, ya sha gabansa. Wanda bai yi rajistar tantancewa ba kuwa, ko makinsa nawa ne, ba a lissafa shi sam.

Yanzu ga wurin da ya fi shafarmu. Jami'o'in Tarayya ba su jera suna daga sama zuwa ƙasa kawai su yanke. Idan fanni yana da wuri 100, ana ba da 45 ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a Nijeriya. Ana ba da 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar. Sauran 20 na jihohin da aka lissafa suna baya a ilimin boko ne, Jihar Kebbi tana cikinsu. Ashe ɗan Ƙaramar Hukumar Sakaba da ya nemi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, yana da ƙofa uku. In ya nemi wata mai nisa a kudu, ta tsakiyar ta rufe masa. Akwai masu gunaguni a kan wannan tsari, suna cewa yana danne yaran da suka fi ƙoƙari. Mu dai a ganinmu, yaron da ya yi sakandare ba ɗakin gwaje-gwaje, yana zuwa gona da damina, ya kuma ci 220, ya nuna abin da zai iya. Sai dai tsarin ba ya ɗaga wanda bai kai makin makarantar ba. Ban da waɗannan akwai makarantun jiha, kamar jami'ar kimiyya ta Aliero da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, inda 'yan jiha ke da babban rabo.

Tun 2017 duk wurin da makaranta za ta ba yaro sai ya bi ta tsarin JAMB na intanet da ake kira CAPS. Makaranta ta miƙa suna, hukumar ta duba ta yarda, sa'an nan yaron da kansa ya shiga ya danna cewa ya karɓa. Akwai waɗanda aka ba wuri suna gona ba su sani ba, har lokaci ya wuce. Dole ne kuma a ɗora sakamakon sakandare a wurin JAMB, gama wanda bai ɗora ba ba za a ba shi wuri ba. Duk wanda ya zo ya ce ku kawo kuɗi zai samo wa ɗanku wuri ta bayan gida, ku rabu da shi. Wurin da ba ya cikin CAPS hukumar ba ta san da shi ba, yaron zai sha wahala lokacin bautar ƙasa.

Bari mu daɗe kaɗan a kan suna, domin nan ne yaranmu suka fi tuntuɓe. Yaro ɗaya yana da sunan gargajiya da kakarsa ta raɗa masa, da sunan baftisma, da wani na Hausa da ake kiransa a kasuwa. Firamare ta rubuta ɗaya, sakandare ta rubuta wani, katin ɗan ƙasa ya zo da na uku, shekarar haihuwa ma ta bambanta. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, abin da ke kanta kuwa shi hukumar ke ɗauka. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Ku daidaita suna tun yaro yana aji huɗu na sakandare. Layin wayar da aka yi rajista da shi kada ya zama na maƙwabci ko na mai shago, a kuma adana shi har a gama karatu. Gidajen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, dattawan ikilisiya su taimake su su sake neman takardar haihuwa da takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, kada a bari sai ranar bukata.

To, kuɗin fa? Gaskiyar da za mu faɗa ita ce, yawancin tallafin karatu ba ya zuwa sai yaro ya riga ya shiga makaranta. Hukumar tallafin karatu ta Jihar Kebbi tana neman takardar shaidar asali da takardar shiga makaranta. Ta Tarayya takan ba waɗanda suka wuce shekarar fari da sakamako mai kyau. Masu ba da irin wannan taimako suna duba abu uku: daga ina yaron ya fito, me yake karantawa, yaya kuma ƙoƙarinsa. Wanda ya yi wasa a shekarar fari ya rufe wa kansa hanya. Ba a sayen tallafi, wanda ya ce a biya shi domin ya sa suna ɓarawo ne.

A 2024 aka soma asusun bashin ɗalibai na Tarayya mai suna NELFUND, domin ɗaliban makarantun gwamnati. Kuɗin makaranta ana biya wa makarantar kai tsaye, na abinci kuma ya shiga asusun ɗalibi a banki. Ba ruwa a kansa, amma bashi ne, ba kyauta ba. Ana soma biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 bisa 100 na albashi. A zauna da yaro a bayyana masa wannan kafin ya nema.

Ke nan kuɗin jarrabawa, da motar zuwa wurin rubuta ta, da kuɗin tantancewa, da na karɓar wuri, da guzurin watannin fari, duk daga gida za su fito. Nan ne ƙungiya za ta yi amfani. Rajistar JAMB takan faɗo a farkon shekara, lokacin da hatsi bai yi tsada ba tukuna, sai uba ya karyar da amfaninsa. Ƙungiyar da ta ware buhu kaɗan na masara ko wake da kaka, ko ta yi gayya a gona guda da sunan 'yan makaranta, za ta iya ranta wa mamba kuɗin rajista ya biya in farashi ya tashi. A rubuta ka'ida tun da wuri: wa za a ba, nawa, yaushe zai mayar, 'yan mata kuma a lissafa su daidai da maza, Zumuntar Mata ta sa ido a kan wannan. Magatakarda ya riƙe littafi mai sunan kowane yaro da ke ajin ƙarshe, da lambar rajistarsa, da makarantar da ya zaɓa. A kuma sa matashi ɗaya mai waya ya riƙa zama da su suna duba CAPS kowace Lahadi bayan sujada, daga fitowar sakamako har a rufe ɗaukar ɗalibai na shekarar.